Yadda Ake Duba Tsagewar Gefen Taya a Motar da Ba a Cika Hawa Ba

Yawancin masu mota da zanen taya kawai suke auna lafiyarta. Idan zanen yana nan da zurfinsa bai suɗe ba, sai a ce taya sabuwa ce fil, a ɗauki hanya da ita. Wannan ma'auni yana da amfani a motar haya da ke cinye tayarta cikin ɗan lokaci, amma yana yaudarar mai motar da ke kwana ta wuni a tsaye, irin wadda maigida ba ya fitarwa sai ranar Juma'a ko lokacin Sallah, ko motar wanda aiki ya kai wani gari, ko motar mamaci da aka lulluɓe da tampol ana jiran rabon gado. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mutane da dama sun jingine motocinsu sun koma babur da Adaidaita Sahu, don haka irin waɗannan motoci sun yawaita a gidaje. Tayar irin wannan mota shekaru ne ke kashe ta tun zanenta bai taɓu ba, kuma inda tsufan ke fara bayyana shi ne gefenta, wato bangon robar da ke tsakanin zane da wili, inda aka rubuta sunan kamfani da lambobi.

Kayan aiki

Ka tanadi bokitin ruwa, da sabulu mai sauƙi, da soso ko burushi mai taushi, da busasshen tsumma. Ka nemi tocila mai haske sosai ko da rana za ka yi aikin, domin ƙarƙashin mota duhu ne. Idan babu tocila, fitilar waya ta wadatar. Sai gejin auna iska, wanda ake samu a shagunan kayan mota, kuma shi ne abu ɗaya da nake ba kowane mai mota shawarar ya mallaki nasa, saboda gejin mai faci na bakin titi yana shan faɗuwa da ƙura, ba kowanne ne ke faɗin gaskiya ba. Ka haɗa da alli, da tsinken sakace, da tsofaffin katin banki guda biyu, da kwali ko tabarmar da za ka kwanta a kai, da duwatsu ko guntayen katako na tare taya. Idan kana da niyyar cire taya don ka duba ta sosai, za ka bukaci jak, da sifanar taya, da ƙafar ƙarfen da ake tokare mota da ita. Ƙaramin famfon iska, na ƙafa ko wanda ake jonawa da batirin mota, yana sauƙaƙa aiki ƙwarai idan motar ta daɗe a tsaye.

1. Shirya wurin, sannan ka wanke tayoyin

Ka yi aikin da safe kafin rana ta gasa robar, a wuri mai tauri kuma a baje. Ka ja birkin hannu, ka sa motar a giya, ka tare tayoyi gaba da baya. Daga nan ka wanke kowace taya da ruwa da sabulu, ka bar ta ta bushe sarai. Wankin ba don kwalliya ba ne. Ƙurar hunturu tana cika ƙananan tsagu ta ɓoye su, jiƙaƙƙiyar taya kuma baƙi take yi ta yi sheƙi har ido ya kasa rabe lafiyayyen wuri da tsagagge. Kada ka goge taya da fetur ko kananzir ko man dizal, domin suna narkar da abin da ke kare robar.

2. Karanta shekarun taya

A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 3518, an ƙera tayar a mako na 35 na shekarar 2018, wato ƙarshen watan Agusta. Idan lambobi uku kawai ka gani, an ƙera ta kafin shekarar 2000, kuma babu sauran abin dubawa a jikinta, sai dai a cire. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai ake buga ta, don haka idan ka ga DOT amma babu lambobi huɗun, suna can gefen da ke kallon cikin mota. Ka rubuta na kowace taya a takarda, domin ba lallai ne huɗun su zo shekara ɗaya ba.

Akwai ra'ayoyi uku da ya kamata ka sani game da wa'adin taya. Kamfanin Michelin yana cewa daga shekara 5 a riƙa kai taya wurin ƙwararre ya duba ta duk shekara, idan kuma ta kai shekara 10 daga ranar ƙera ta a canza ta ko da tana da kyan gani. Wasu masu ƙera motoci, irin su Ford, shekara 6 suke bayarwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, shekara 4 take ƙirgawa daga ranar ƙerawa, kuma jami'anta suna duba wannan lamba a kan hanya. A nawa ganin, wanda motarsa ke zaune a rana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, bai kamata ya sa rai da shekara 10 ba, domin zafi yana gaggauta tsufan roba.

3. Auna iska tun kafin ka fara duba tsaga

Adadin iskar da motarka ke bukata yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a bayan murfin tankin mai, ko a littafin motar. A yawancin ƙananan motoci yana tsakanin psi 30 zuwa 35 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya da geji ke nunawa). Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lambar da ke jikin taya a matsayin abin da za a buga mata, alhali wannan lamba iyaka ce da ba a so a wuce. Haka kuma masu faci da yawa sun saba buga wa kowace taya 40 ko sama da haka ba tare da sun tambayi irin motar ba, saboda haka kai ne za ka faɗa masa adadin, ka kuma tabbatar da gejinka. Ana auna iska ne tayar tana sanyi, wato motar ta yi aƙalla awa uku a tsaye.

Lafiyayyar taya ma tana rage psi 1 zuwa 2 a kowane wata, ko da babu huji. Motar da ta yi wata shida ba a kula ta ba tana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na iskarta, kuma gwargwadon raguwar iskar, gwargwadon yadda gefen tayar ke lanƙwashewa ƙarƙashin nauyin mota.

A nan akwai gargaɗin da ba na so ka ɗauke shi da wasa. Idan tayar ta sace gaba ɗaya, motar ta zauna a kanta makonni har gefen ya ninke, to zaren da ke cikin robar, wanda ke ba ta ƙarfi, yana iya karyewa a daidai ninkin. Ka fara ɗaga motar da jak don nauyi ya sauka, ka sa iskar a hankali, kana tsaye ta ɓangaren zane, fuskarka ba ta saitin gefen tayar ba, kuma ka kori yara daga wurin. Idan ka ji ƙara kamar zare yana tsinkewa, ko ka ga wani wuri yana tasowa, ka dakata nan take ka saki iskar.

4. Duba tayar, waje da ciki

Kafin ka duƙa, ka san abin da kake nema da dalilinsa. Masu ƙera taya suna cuɗa kaki da wasu sinadarai a cikin robar, waɗanda ke tsattsafowa saman fatar taya su kare ta daga wata iska da ake kira ozon. Juyawar taya da lanƙwasawarta da ɗumin da take ɗauka a kan hanya su ne ke taimaka wa sinadaran nan su ci gaba da fitowa. Idan mota ta tsaya, na saman ya ƙare, na ciki bai fito yadda ya kamata ba, sai rana da ozon su sami robar babu kariya, ta bushe ta fara darewa kamar fason dunduniya a lokacin hunturu. Ozon ya fi cin roba a inda take a ɗame, shi ya sa tsagar ta fi yawa a ƙasan taya, inda nauyin mota ya turo gefen waje ya kuma daɗe a haka.

Ka fara da gefen waje. Kada ka haska tocila kai tsaye. Ka kwantar da haskenta a jikin robar ta yadda zai ratsa ta gefe, domin a haka ne kowace tsaga ke yin inuwa ta fito fili. Ka bi tayar da'ira uku: kusa da bakin wili, sannan tsakiyar gefen inda rubutu yake, sannan kafaɗa inda gefe ya haɗu da zane. Ka lura da kewayen haruffa, domin tsaga tana son farawa daga gindinsu. Ka danna robar da babban yatsa kusa da duk tsagar da ka gani. Wadda take a sama kawai ba ta canzawa, mai zurfi kuwa baki take buɗewa. Duk wurin da ka ga matsala ka kewaye shi da alli.

Bayan haka ka cire duwatsun, ka gusa motar gaba kamar mita ɗaya, abin da zai juya tayar kusan rabin zagaye, ka sake tarewa, ka duba ɓangaren da ya kasance a ƙasa. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali nan ne wurin da ya fi wahala.

Gefen ciki ya fi wuyar gani, kuma na sha ganin tayar da wajenta ke da kyau amma cikinta ya dare. Tayoyin gaba suna da sauƙi: ka murza sitiyari har ƙarshe zuwa dama ka duba, sannan zuwa hagu. Na baya sai ka kwanta a kan kwali ka haska, ko ka zura waya ka ɗauki hoto da fitila a kunne. Idan ka zaɓi cire tayar, ka sassauta notuna tun tana ƙasa, ka ɗaga, ka tokare motar da ƙafar ƙarfe. Idan babu ƙafar ƙarfe, ka tura safaya kwance ƙarƙashin jikin motar kusa da jak. Kada ka tokare mota da bulon siminti, domin yana rugujewa babu sallama, kuma kada ka sa kai ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ka leƙa cikin ramukan zanen ma, domin tsaga tana kwanciya a ƙasansu. Daga ƙarshe ka lanƙwasa bawul, wato bakin da ake buga iska ta cikinsa, kaɗan ka duba gindinsa, domin shi ma roba ne, kuma tare suke tsufa da tayar. Idan kana zargin wata taya tana sacewa, ka shafa kumfar sabulu a kan tsagun da bawul da bakin wili, ka jira ka gani ko kumfa za ta taso.

5. Auna zurfin tsagar

Tsawon tsaga da yawanta suna tayar da hankali, amma zurfinta ne ke yanke hukunci. A jagorar da Michelin ta fitar wa masu manyan motocin yawon buɗe ido, waɗanda su ma a tsaye suke yin yawancin shekara, an raba abin gida uku: tsagar da zurfinta bai kai milimita 0.8 ba ana iya ci gaba da amfani da tayar, wadda ke tsakanin 0.8 da 1.6 abin zargi ce da za a kai wa ƙwararre, wadda ta wuce 1.6 kuma a canza tayar nan take.

Ba kowa ke da na'urar auna wannan ba, kuma a nan ne katin banki ke da amfani, domin kaurin kati ɗaya milimita 0.76 ne, biyu a haɗe kuma sun kusa 1.6. Ka zura bakin tsinken sakace a cikin tsagar a hankali, ba tare da dannawa ba, ka riƙe shi da farce daidai inda ya tsaya, ka zaro, ka gwada abin da ya shige da kaurin kati ɗaya, sannan da na biyu. Idan tsagar ta yi siririn da tsinke ba ya shiga ko kaɗan, kuma ba ta buɗewa idan an danna, mai yiwuwa ta sama ce. Kada ka yi amfani da allura ko reza ko bakin wuƙa, domin za ka ƙara mata zurfi da hannunka.

6. Yanke hukunci a kan kowace taya

Idan abin da ka gani siraran layuka ne kamar gashi, ba su kai kaurin kati ɗaya ba, tayar ba ta wuce shekara 4 zuwa 5 ba, kuma tana riƙe iska, to ka ci gaba da amfani da ita, amma ka ɗauki hoton wuraren da ka yi wa alli ka sake dubawa bayan wata ɗaya. Idan tsagun sun ƙaru ko sun faɗaɗa a wannan ɗan lokaci, tayar ta kama hanyar ƙarewa.

Idan zurfin yana tsakanin kati ɗaya da biyu, ko tsagun sun mamaye gefen gaba ɗaya, ko robar ta yi tauri ta koma ruwan toka, ka kai ta shagon taya a cire ta daga wili a duba cikinta. Kafin a yi hakan, kada ka ɗauki babbar hanya da ita, kuma kada ka cika motar da mutane da kaya.

Akwai alamomin da ko ɗaya daga cikinsu ya isa a yi watsi da taya ba tare da wani awo ba: tsagar da ta wuce kaurin kati biyu, ganin zare ko waya a cikin tsaga, kumburi ko ƙullutu a gefe, doguwar tsaga ɗaya da ta bi da'irar tayar, kumfar sabulu tana tasowa daga cikin tsaga, robar tana ɓantarewa idan an taɓa, ko taya ta kai shekara 10. Dalilin wannan tsanani shi ne cewa wayoyin ƙarfen taya suna ƙarƙashin zane ne, gefen kuwa siririyar roba ce da zare, kuma shi ke lanƙwasa ya miƙe sau ɗaruruwa a kowane kilomita. Idan tsaga ta kai ga zaren, ruwa da ƙasa suna shiga, ƙarfinsa yana raguwa. Tayar za ta iya jure zirga-zirgar cikin unguwa na watanni, sannan ta yi bindiga ranar da aka loda iyali aka ɗauki hanyar Kano zuwa Kaduna da tsakar rana, lokacin da gudu da nauyi da zafin kwalta suka haɗu mata.

Irin wannan taya ba a tuƙa ta zuwa shago idan da hali. Ka cire ta ka kai a Adaidaita, ko ka ɗaura safaya idan safayar ta ci wannan jarrabawa.

7. Gyare-gyaren da ba gyara ba ne

Gefen taya ba ya ɗaukar faci. Facin da masu ƙera taya suka yarda da shi na tsakiyar zane ne kawai, kuma hujin bai wuce milimita 6 ba. Za ka sami mai facin da zai ce zai gasa maka roba a wurin, ko ya manna faci daga ciki, ko ya sa maka tiyub a cikin tayar da aka ƙera don aiki babu tiyub. Duk waɗannan suna iya hana iska fita, amma babu wanda ke mayar da ƙarfin zaren da ya lalace. Haka ma ɗura gam a cikin tsaga, wanda idan ya bushe tauri yake yi ya ƙara yaga robar da ke kewaye da shi. Wasu kuma suna juya tayar, a mayar da gefen da ya tsage ciki, wanda amfaninsa kawai shi ne a daina ganin matsalar.

Ka kuma kiyayi abin da ake shafa wa taya a wuraren wankin mota don ta yi sheƙi. Man birki da baƙin mai da duk wani mai da aka haɗa da sinadarin fetur suna cutar da roba, kuma suna rufe tsaga daga ido. Launin ƙasa-ƙasa da kake gani a gefen taya sau da yawa sinadarin kariyar ne ya fito ya yi aikinsa, ba abin da za a kankare da burushin waya ba ne. Ruwa da sabulu mai sauƙi sun isa.

8. Sayen madadi

Ka ɗauki girman taya daga takardar ƙofar direba. Idan an rubuta 195/65 R15 91H, alal misali, 91 yana nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba. Kada ka sayi wadda ta gaza abin da aka rubuta wa motarka. Ka nemi inda aka rubuta darajar jure zafi, A ko B ko C, kuma A ce ta fi. Abu mafi muhimmanci ga mai motar da ba a cika hawa ba shi ne ranar ƙerawa. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta dakatar da tata ta Legas a 2008, yawancin tayoyin motocin da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da su, kuma wata tana shekara biyu ko uku tsakanin jirgin ruwa da sito kafin ta iso shago. Ka sa a buɗe ledar ka karanta lambobi huɗun da idonka, ka zaɓi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, kuma ka ƙi duk wadda wurin lambar ya yi kama da an goge an sake bugawa.

Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta Najeriya ta hana shigowa da su, amma kasuwa cike take da ita saboda arha. Ga wanda matsalarsa tsufan roba ce, sayen tayar da ta riga ta yi shekara 6 a Turai canza tsohuwa ne da wata tsohuwar. Daga cikinsu akwai masu hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, waɗanda yawancinsu don lokacin sanyi aka ƙera su, ba don kwaltarmu ba.

Idan kuɗi ba su kai na huɗu ba, ka sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya, ko da motar da gaba take ja. Direbobi da yawa sun fi son sa sababbi a gaba, amma idan tayar baya ce ta sulɓe ko ta fashe, bayan motar ne ke juyawa, kuma sitiyari ba ya iya dawo da shi da sauƙi. Wannan ba izini ba ne na barin tayar da ta faɗi jarrabawa a gaba. Ka sa a canza bawul tare da kowace sabuwar taya, a kuma daidaita nauyin wilin.

9. Ajiye motar ta yadda tsagar ba za ta dawo da wuri ba

Maganin da ya fi kowanne shi ne a tuƙa motar. Duk mako biyu, ko aƙalla sau ɗaya a wata, ka auna iska ka fita da ita tafiyar minti 20 zuwa 30 har tayoyin su ɗauki ɗumi. Kunna inji a bar shi yana aiki a tsaye, kamar yadda ake sa yaron gida ya yi kowace safiya, ba ya amfana wa taya komai. Idan fita ba za ta yiwu ba, ka yi wa kowace taya alamar alli a inda ta taɓa ƙasa, ka riƙa gusa motar don kada nauyi ya dawwama a wuri ɗaya.

Ka nema mata inuwa. Tampol ɗin da ake rufe mota da shi sau da yawa a saman taya yake tsayawa, ya kare fenti ya bar roba a rana, har ka ga tayoyin ɓangaren da ke kallon yamma sun tsage, na ɓangaren katanga kuwa lafiyarsu ƙalau. Idan babu rumfa, ka jingina kwali ko falanki a jikin kowace taya, ko ka rufe ta da buhu mai farin launi. Kada motar ta tsaya a kan laka, ko inda ruwa ke kwanciya da damina, ko inda mai ya zube. Idan ƙasa ce, ka shimfiɗa katakon da ya fi tafin tayar faɗi. Ka nisanta ta da janareto da injin jan ruwa da wurin walda, domin tartsatsin lantarki yana haifar da ozon, kuma a gidaje da yawa janareto da mota a rumfa ɗaya suke kwana. Ka sauke kaya masu nauyi daga but. Za ka iya ƙara psi 3 zuwa 5 a kan abin da takardar ƙofa ta ce, muddin bai wuce iyakar da ke jikin taya ba, amma ka tuna ka mayar da shi daidai kafin ka hau hanya.

Idan motar za ta wuce wata uku babu mai taɓa ta, gara a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu nauyi ya bar tayoyin, ko a cire su a wanke, su bushe, a sa kowace a babbar baƙar leda a ɗaure, a ajiye a ɗaki mai sanyi da duhu. Masu wili a jiki ana jera su a kwance, marasa wili kuma a tsaye, ana ɗan juya su duk wata.

10. Safaya da tafiyar farko

Safaya ita ce tayar da ba a taɓa hawa ba, don haka duk abin da aka faɗa a sama ya fi shafarta, musamman wadda ke rataye a ƙofar baya tana shan rana, ko wadda ke ƙarƙashin mota tana shan laka. Ka sauko da ita ka bi da ita ta matakai na 2 zuwa na 6. Siririyar safaya ta wucin gadi yawanci psi 60 take bukata, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita.

Ranar da za ka yi doguwar tafiya ta farko bayan motar ta daɗe a ajiye, ka auna iska da safe, ka fara da matsakaicin gudu. Ɗan girgizar sitiyari a kilomitocin farko yana iya zama saboda tafin tayar ya baje a inda ta zauna, kuma yakan ɓace idan ta yi ɗumi. Idan bai ɓace ba, ko yana ƙaruwa, ka tsaya. Bayan kilomita 20 zuwa 30 ka sami wuri mai aminci ka sauka, ka sake duba wuraren da ka yi wa alli, ka shafa gefen kowace taya da bayan hannu. Idan ɗaya ta fi sauran zafi sosai, ko tsaga ta buɗe, ko kumburi ya fito, ka ɗaura safaya a nan, ka nufi shagon taya mafi kusa.